An 'yanta bayi, sai aka biya iyayengijinsu diyya: mu tattauna labarin John Gladstone

Malam_Sani_Tarihi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan. Ina shirya darasin da zan koyar da ɗalibaina kan yadda aka hana bauta a ƙasashen da Birtaniya ta mallaka, sai na ci karo da sunan wani attajiri, John Gladstone. An haife shi a Leith ta Sikotland a 1764, ya koma Liverpool yana saurayi ya kama fataucin hatsi, daga baya ya shiga ba masu gandun rake bashi. Wanda ya kasa biya, gandun ya zama nasa: ƙasar, da injin matsar rake, da mutanen da ke ciki. Da haka, da kuma saye, ya tara gandaye a Demerara, wadda yau take cikin ƙasar Guyana, da kuma Jamaika.

A 1833 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar hana bauta, ta ware fam miliyan 20 na diyya. Wallahi da na fara karantawa na ɗauka bayin za a ba. Ashe iyayengijinsu aka biya, don an ce sun yi asarar dukiya. Gladstone ya karɓi fam 106,769 a kan mutum 2,508. Su kuwa mutum 2,508 ɗin ko sisin kwabo ba a ba su ba.

Tambayata biyu ce. Wannan kuɗi wane suna ya dace da shi, diyya ko fansa? Sannan akwai wani abu da ya hau kan jikokinsa yau? Ina so in san abin da zan faɗa idan yaro ya ɗaga hannu.

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam Malam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni duk zamana a makaranta abin da aka koya mana shi ne Wilberforce, ɗan majalisar Birtaniya, ya tausaya wa bayi, Turawa suka 'yanta su. Ba wanda ya taɓa ce mana an biya wani kuɗi.

Danliti_Makarfi:
Malam, ba shi ne Gladstone da ya yi firaministan Ingila ba? Na taɓa jin sunan.

Bilkisu_Liverpool:
A'a Danliti, ɗansa ne wancan, William Gladstone, wanda ya yi firaminista har sau huɗu. Amma alaƙar tana da ƙarfi. William ya shiga majalisa a 1832 yana dab da cika shekara 23, kuma babban jawabinsa na farko a 1833 kare mahaifinsa ya yi. Wani ɗan majalisa, Lord Howick, ya tashi ya ce ana kashe bayi da aiki a gandun Vreed-en-Hoop na Gladstone. William ya musanta, ya kuma goyi bayan a biya masu bayi diyya. Daga baya ya canza magana a kan bauta, amma dukiyar da ta ɗauki nauyin karatunsa da shigarsa siyasa daga gidan nan ta fito.

Shekarata shida a garin nan ina aikin jinya. Akwai mutum-mutumin William a wani lambu da ke tsakiyar gari, ina wucewa ta gabansa in zan hau jirgin ƙasa. Na daɗe ban san komai a kansa ba. Sai a 2020, lokacin zanga-zangar kisan George Floyd, da jami'ar garin ta yanke shawarar cire sunan Gladstone daga wani masaukin ɗalibai, sannan na nemi labarin. Yanzu masaukin sunan Dorothy Kuya yake ɗauke da shi, wata 'yar gwagwarmaya haifaffiyar garin.

Barista_Kabiru:
Malam Sani, bari in faɗi abin da na san ba zai yi wa wasu daɗi ba. A dokar Ingila ta lokacin bawa dukiya ne, ana jinginar da shi, ana gadonsa, ana rubuta shi a wasiyya. Majalisar kuma cike take da masu hannu a gandayen. Da ba a saka maganar kuɗi ba, dokar ba za ta wuce a 1833 ba. Ku dubi Amurka: jihohin kudu suka ƙi, aka yi yaƙin basasa, sama da mutum 600,000 suka mutu. Ban ce adalci ne ba. Na ce farashin da aka biya ke nan don mutum kusan 800,000 su fita daga bauta ba tare da yaƙi ba. Ni a wurina fansa ce, irin wadda ake ba wanda ya tsare maka ɗan'uwa.

Ummu_Hanifa:
To Barista, in fansa ce, ai wanda ya karɓi kuɗin fansa ba a ba shi sarauta. Wannan fa an ce har lambar girma ya samu.

Malam_Sani_Tarihi:
Haka ne Ummu, a 1846 aka ba shi muƙamin baronet, wanda ake gada, ya zama Sir John. Ya rasu a 1851.

Barista, na ji hujjarka, amma akwai guntun labarin da ban kawo ba. Ranar 1 ga Agusta 1834 da dokar ta fara aiki, yara 'yan ƙasa da shekara shida kaɗai suka samu 'yanci kai tsaye. Sauran aka ce sun zama masu koyon aiki, dole su ci gaba da yi wa tsohon ubangiji aiki kyauta yawancin kwanakin mako. Mutumin da ya tsufa yana yankan rake aka ce zai koyi yankan rake. Sai 1838 aka soke wannan tsari. Ke nan an biya Gladstone sau biyu: gwamnati ta ba shi kuɗi, bayin suka ƙara masa gumin shekara huɗu.

Danliti_Makarfi:
Ku bari in yi magana a kan rake, don a cikinsa na tashi. Wanda bai taɓa shiga gonar rake ba ba zai gane ba. Ganyen yana yanka kamar reza, in ka fito hannuwanka duk tsage-tsage, ga ƙaiƙayin da ke shiga wuya, gumi ya bi ta kai ya yi ta raɗaɗi. In an sare shi kuma ba ya jira, dole a matse a dafa kafin ya yi tsami. Lokacin da muke yin mazarƙwaila da Baffana, tun asuba muke ɗora tukunya, wani lokacin har dare muna kan wuta. Ina da tabo a dantse har yau, inda ruwan rake mai tafasa ya fallatso mini ina ɗan shekara goma sha biyu. Kuma akwai wani a ƙauyen da ke kusa da mu da injin matsa ya cinye masa yatsu uku.

Mu fa gonarmu ce, in mun gaji mu zauna a inuwa mu sha fura, in an sayar kuɗin namu ne. Ka ƙaddara wannan aikin kake yi da bulala a bayanka, tun tasowarka har mutuwarka, kuma ɗanka ma haka. Sai ranar da aka sake ka a kira wanda bai taɓa riƙe adda ba a ce masa sannu da asara. Ni abin ya fi ƙarfin kaina.

Nura_Akanta:
Na ɗan buga lissafi. Fam 106,769 a raba wa mutum 2,508, kowane kai ya tashi kusan fam 42 da rabi. Kuma kuɗin ba daidai aka raba a ko'ina ba, an bi farashin bayi ne na kowace ƙasa. A Guyana kai ɗaya ya kai wajen fam 50, a Jamaika wajen fam 20, saboda ƙasar Demerara sabuwa ce mai albarka, ana neman hannu ruwa a jallo. Shi ya sa kason Gladstone ya yi nauyi, yawancin mutanensa a Guyana suke. Fam miliyan 20 ɗin kuwa ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa a shekara.

Alhaji_Tanko_Kumasi:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ina karantawa tun ɗazu, na ga ana ta maganar Gladstone da majalisa, ba a ambaci mutanen da ke cikin gandun ba. Barista ya ce an fita ba tare da yaƙi ba. An zubar da jini, ɗana, sai dai ba jinin Turawa ba ne.

A watan Agusta 1823 bayi sama da 10,000 suka yi bore a Demerara, kuma a gandun Gladstone mai suna Success abin ya faro. Jagoran wani mai haɗa gangunan katako na zuba kaya ne da ake kira Jack Gladstone, don bawa sunan ubangijinsa ake laƙaba masa. Mahaifinsa Quamina kafinta ne, dattijo a majami'arsu. Abin da ya tayar da su shi ne labari ya bazu cewa Sarkin Ingila ya aiko da takardar 'yanci masu gandu sun ɓoye. A gaskiya umarnin sassauci ne aka aiko daga Landan, irin hana yi wa mata bulala, shi ma gwamna ya yi ta jan ƙafa wajen sanarwa. Da suka tashi, yawancin Turawan da suka kama turu suka saka su a ciki, ba su bi su da kisa ba. Sojoji kuwa da suka zo suka buɗe wuta, aka kashe sama da mutum 100, aka rataye wasu bayan shari'a. Quamina ya shiga daji, aka bi shi aka harbe a watan Satumba, aka rataye gawarsa da sarƙa a bakin hanya gaban gandun Success don kowa ya gani. Jack aka kore shi zuwa tsibirin Saint Lucia.

Sunan Quamina ya taɓa ni, don sunan ranar haihuwa ne na Akan, irin Kwame da Kwamena da muke maƙwabtaka da su a nan. Na je kurkukun bayi na Cape Coast sau biyu, na tsaya a ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi.

Barista_Kabiru:
Na karɓi gyara, Baba Alhaji. Kuma boren Jamaika na ƙarshen 1831, wanda Sam Sharpe ya jagoranta, shi ya ƙara tsorata majalisa. Ya kamata in ce ba tare da yaƙi tsakanin Turawa ba.

Grace_Zonkwa:
In ƙara a kan maganar Baba. Akwai wani mai wa'azin mishan, John Smith, wanda Quamina ke majami'arsa. Masu gandu sun tsane shi don yana koya wa bayi karatu. Bayan boren aka ce shi ya zuga su, aka yanke masa hukuncin kisa, ya mutu a kurkuku a farkon 1824 kafin afuwar da aka yi masa ta iso daga Landan. Mutuwarsa ce ta girgiza mutanen Ingila har aka kai maganar majalisa. Abin da ke ci mini rai, Bature ɗaya ya mutu ƙasa ta ɗauka, baƙaƙe ɗaruruwa sun mutu ba a san sunayen yawancinsu ba.

Sadiq_Fagge:
Shi Gladstone ɗin yana ina lokacin da ake wannan kashe-kashen?

Bilkisu_Liverpool:
Yana Ingila, Sadiq. Bai taɓa taka ƙafarsa a Demerara ko Jamaika ba har ya mutu. Wakilai ne ke kula da gandayen, suna aiko masa da wasiƙu da lissafi. Kuma boren bai sa ya janye ba. Ya yi ta musayar rubutu a jaridun Liverpool da wani ɗan kasuwa mai adawa da bauta, James Cropper, yana kare tsarin. Sannan bayan boren ne ma ya sayi Vreed-en-Hoop a kan fam 80,000. Sunan da harshen Holan yake, ma'anarsa zaman lafiya da fata. Yanzu gari ne a gaɓar kogin Demerara, tsallaken Georgetown, babban birnin Guyana.

Sadiq_Fagge:
Allah ya isa. Na ga hoton wani ƙaton gida nasa a Sikotland, Fasque. Da kuɗin diyyar ya saya ke nan.

Nura_Akanta:
A'a ɗan'uwa, a 1829 ya sayi Fasque, shekara huɗu kafin dokar. Ribar kasuwancinsa ce ta saye shi, da sukari a ciki. Mu riƙa kiyaye irin wannan, don in ka yi kuskure ɗaya sai a yi watsi da sauran gaskiyar da ka faɗa.

Wani abin kuma, gwamnati ba ta da kuɗin a hannu, bashi ta ci. A 1835 wasu manyan masu hada-hadar kuɗi, Nathan Rothschild da Moses Montefiore, suka shirya mata rancen fam miliyan 15. Bashin aka yi ta cuɗa shi da wasu basussukan gwamnati, ba a rufe na ƙarshensu ba sai 2015.

Bilkisu_Liverpool:
Wannan maganar ta 2015 ta tayar da ƙura a nan. A 2018 baitulmalin Birtaniya ya wallafa ta a Twitter kamar abin alfahari, mutane suka yi caa, aka goge. Akwai wata abokiyar aikina, dattijuwa, iyayenta daga Jamaika suka zo. Muna shan shayi a ɗakin hutu da dare ta ce mini ta shekara talatin tana biyan haraji, ashe har da kuɗinta a biyan bashin da aka ci don sallamar waɗanda suka mallaki kakanninta. Ta faɗa tana juya cokali a kofi, ba ta ɗaga murya ba. Na rasa abin da zan ce mata.

Mai_Faɗin_Gaskiya:
Duk na yarda da ku. Amma ina da tambaya: mu fa? Muna ta zagin Gladstone kamar a ƙasarmu ba a yi ba. Daular Sakkwato na cikin wuraren da suka fi yawan bayi a duniya a ƙarni na 19. Kalmomin suna nan a bakinmu: rinji, gandu, bacucane, ƙwarƙwara, murgu. Garuruwa nawa ne sunansu ya fara da Rinji ko Gandu? Kuma da Turawa suka zo, dokar Lugard ta 1901 cewa ta yi yaran da aka haifa daga Afrilun shekarar 'ya'ya ne, manya kuwa aka bar su su fanshi kansu ta hanyar murgu da kotun alƙali. Ba a kammala haramta bauta a Arewa ba sai 1936. Ke nan a wurinmu ma ubangiji aka biya, kuma bawan da kansa ya biya daga guminsa.

Sadiq_Fagge:
Kai kullum sai ka karkatar da magana. Ana zancen Bature ka kawo Sakkwato. Bautar can da ta nan ba ɗaya ba ce. A nan bawa yana zama Shamaki ko Ɗanrimi a fada, ɗan ƙwarƙwara yana zama sarki. A can launin fata ne, ba fita.

Mai_Faɗin_Gaskiya:
Bayin fada nawa ne, bayin rinji nawa ne? Je ka tambayi wanda aka kamo kakarsa a hari aka raba ta da 'ya'yanta ko ta ga bambanci. Ban ce ɗaya ba ne ta kowace fuska. Na ce tambayar Malam Sani ta shafe mu.

Alhaji_Tanko_Kumasi:
Ku yi haƙuri da juna. Dukanku akwai gaskiya a bakinku. Bambanci akwai shi, Sadiq. Amma ni na je Salaga, na ga rijiyoyin da ake cewa a nan ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa, kuma fataken Hausa na cikin masu cinikin, tare da goro. Sannan Hausawa ma an sayar da su ƙetare, su ne suka shirya bore a Bahia ta Birazil a 1807, suka kuma tayar da bore a shekarun da suka biyo. Muna cikin masu sayarwa, muna cikin waɗanda aka sayar.

Hajiya_Maimuna:
Ban cika magana a zauren nan ba, amma wannan ta zo inda nake. Shekara goma sha biyu da suka wuce ƙanina ya nemi wata yarinya. Sun daidaita, an kai gaisuwa, mun fara haɗa lefe, har na sayi atamfofi shida da akwati. Sai wata tsohuwa a danginsu ta ce a binciki asali. Bayan mako biyu aka dawo mana da kayanmu, aka ce kakan kakanmu bawan gidan wane ne. Mahaifiyarmu ta zauna a tsakar gida tana kallon akwatin, ranar ba ta ci abinci ba. Ƙanina injiniya ne, mahaddaci, amma ba a duba wannan ba. Gonakin da kakanninmu suka noma suna hannun jikokin waɗancan har yau, mu kuwa sunan kawai muka gada. Don haka in ana cewa abu ya wuce shekara ɗari biyu a manta, ni na san bai wuce ba.

Ummu_Hanifa:
Allah ya ba ku haƙuri Hajiya. Wallahi na yi hawaye.

Sadiq_Fagge:
Hajiya ki gafarce ni in maganata ta sosa miki rai. Ban yi nufin raina abin ba.

Issoufou_Maradi:
Sannunku. Tunda an taɓo gida, a Nijar sai 2003 aka mai da bauta laifin da ake hukuntawa. Kuma a 2008 kotun ECOWAS ta yanke hukunci a ƙarar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Kotu ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta CFA miliyan 10. Na kawo wannan ne don a nan kuɗin hannun wadda aka bautar ya shiga. Wannan shi ne abin da ni zan kira diyya. Abin da aka ba Gladstone a nemo masa wani suna.

Malam_Sani_Tarihi:
Na gode Malam Issoufou, ka dawo da mu kan tambaya. Bari in ƙara abin da ya faru bayan an biya shi. Tun 1836, da ya ga aikin kyauta zai ƙare, ya rubuta wa wani kamfani a Kalkata yana neman a samo masa 'yan ƙwadago daga Indiya. A watan Mayu 1838 jirage biyu, Whitby da Hesperus, suka sauke Indiyawa kusan 400 a Guyana, a kan yarjejeniyar shekara biyar. Ba a jima ba rahoton duka da mace-mace ya fito, har da gandun Vreed-en-Hoop, aka dakatar da jigilar. Daga baya aka ci gaba, har zuwa 1917, aka kai Indiyawa sama da 200,000. Ranar 5 ga Mayu hutu ce a Guyana saboda wannan sauka. Shugaban ƙasarsu Irfaan Ali, Musulmi ne, jikan waɗannan Indiyawa.

Abin da na lura, zuwan Indiyawan ya karya ƙarfin waɗanda aka 'yanta wajen neman lada mai kyau. Duk da haka wasunsu sun haɗa 'yan kuɗaɗensu suka sayi tsofaffin gandaye suka kafa ƙauyuka, kamar Victoria da Buxton. Da kuɗinsu suka sayi ƙasar, ba kyauta aka ba su ba.

Ustaz_Abdulhadi:
A kan tambaya ta biyu, Malam. Abubuwa biyu ne bai kamata a cakuɗa ba. Zunubi ba a gadonsa, Alƙur'ani ya faɗa cewa wata rai ba ta ɗaukar nauyin wata. Jikan Gladstone ba zai tashi da laifin kakansa ba. Amma dukiya daban ce. Malamanmu sun yi bayani cewa abin da aka ƙwace ba ya zama halal don mai ƙwacen ya mutu, kuma ana fitar da haƙƙin mutane daga dukiyar mamaci kafin a raba gado. Inda wahalar take shi ne tantancewa: nawa ne, a hannun wa yake yanzu, su wa za a ba, bayan zuriya shida ko bakwai. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Bilkisu_Liverpool:
Ustaz, wasu daga jikokin sun motsa. A watan Agusta 2023, shekara 200 cif da boren, Charles Gladstone da wasu danginsa suka je Jami'ar Guyana suka karanta takardar neman gafara, suka kira bauta laifi a kan bil'adama, suka yi alƙawarin fam 100,000 don bincike. A cikin zauren wasu suka ɗaga kwalaye suna cewa ba su karɓa ba.

Nura_Akanta:
Ku dubi adadin. Fam 100,000 na 2023 bai ma kai fam 106,769 da kakansu ya karɓa ba a lamba kawai, balle a ƙima. Na fahimci masu kwalayen.

Grace_Zonkwa:
Ni kuwa ina ganin a yaba musu ko kaɗan ne. Mutum kusan 46,000 ne suka shigar da neman kuɗin nan, sunayensu duk suna intanet tun 2013 da wata jami'a a Landan ta fitar da kundin. Iyalai nawa ne suka tashi suka je suka tsaya gaban jama'a? Gwamnatin Birtaniya da ta biya kuɗin har yau ba ta nemi gafara a hukumance ba, duk da ƙasashen Karibiyan sun miƙa buƙatunsu goma tun 2014.

Barista_Kabiru:
Kuma ba Birtaniya kaɗai ba. Faransa ta fi muni: a 1825 ta tilasta wa Haiti, ƙasar da bayi suka 'yanta da kansu, ta amince da biyan faran miliyan 150 ga tsofaffin masu gandu. Amma har yanzu ina kan bakana cewa a 1833 ba a ga wata ƙofa ba sai wannan. Abin da ba zan iya karewa ba shi ne rashin ba waɗanda aka 'yanta ko da fili.

Mai_Faɗin_Gaskiya:
To in Birtaniya ta biya Guyana gobe, su Hajiya Maimuna wa zai biya su?

Hajiya_Maimuna:
Ni ba kuɗi nake nema ba ɗana. A daina binciken asali in an zo aure, limamai su faɗa a kan mumbari. Wannan ya ishe ni.

Danliti_Makarfi:
Malam Sani, su mutum 2,508 ɗin nan, an san sunayensu kuwa? Ko adadi kawai aka rubuta?

Malam_Sani_Tarihi:
An rubuta, Danliti. Tun wajen 1817 aka wajabta wa masu gandu yin rajistar bayi lokaci-lokaci, da suna, da shekaru, da wanda aka haifa da wanda ya mutu. Da waɗannan rajistoci aka tantance kuɗin kowa. Littattafan suna gidan ajiyar tarihi na Birtaniya da ke Kew. Hajiya Bilkisu, in kin samu shiga Landan, ko za ki iya ɗauko mana hoton shafi ɗaya na gandun Success? Ina so in karanta wa yara sunayen a aji.

Bilkisu_Liverpool:
In sha Allah Malam. Ina da hutu ƙarshen wata mai zuwa, zan duba yadda ake neman katin shiga. Baba Alhaji, in na samu sunaye irin na Akan zan turo maka ka faɗa mana ranar da aka haifi kowannensu.